Kiɗin da Ke Ɗaukar Layi

Duk sati sai wani ya tsaya bakin rumfata a Madawa, waya a hannu, ya kalli allon da nake rubutawa ya ce shi ma zai iya, ai shafe-shafe ne kawai. Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, wanda ya zo in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da aikina. Sunana Tsahara. Fenti nake yi: allunan shaguna, jikin manyan motoci, da ƙyallen da 'yan gita ke ratayawa bayansu wurin biki. Shekara tara ke nan hannuna bai rabu da warin kananzir ba.

Aikin farko da aka ba ni ba zane ba ne. Ƙofar wata tsohuwar motar albasa ce aka jingine mini jikin itacen bedi, wato dogon yaro, aka ba ni samfefa aka ce in goge tsohon fenti har ƙarfe ya fito. Kwana huɗu na yi a kanta. Lokacin ban daɗe da barin kolej ba, karatun bokon da muke kira lekol, ina taƙama duk ajinmu ni ke zana wa malamai taswira a allo. Kawuna ne ya kawo ni wurin abokinsa Baba Illa, mai fenti na bakin tasha, saboda tsohon na neman wanda zai riƙa rubuta masa Faransanci a allunan shaguna. Baba Illa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da kawuna, "Ɗiya mace? To, mu gani in tana iya wanke gwangwani." Wata uku ina wanki da guga kafin ya bar ni in tsoma buroshi cikin fenti.

Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku fara sanin kaya. Akwai buroshi mai faɗi na shimfiɗa, akwai mai yankakken baki na rubutu, akwai ƙarami na ido da ganye. Akwai zaren da ake shafa wa alli, a ɗaure, a ja a saki, ya bar maka hanya a jikin katako. Akwai sandar da kake ɗora hannu a kai don kada ya yi rawa. Gwangwanin tumatir kuwa ba a jefar da shi, cikinsa ake haɗa kala. Fentin mai yana son kananzir, fentin ruwa yana son ruwa, in ka haɗa su ka yi kunu. In iska ta taso ka rufe komai, in rana ta take ka bar jikin mota, don ƙarfe mai zafi yana shanye fenti kafin ka ɗaga hannu.

Amma kayan da ya fi duka shi ne dogon buroshi. Baba Illa da kansa ya haɗa shi da gashin gemun bunsuru, gashin ya kai tsawon yatsa, ya ɗaure a bakin kara da zaren dukawa. Yana ajiye shi cikin man gyaɗa, naɗe da fata, cikin wani gwangwanin shayi da ba mai taɓawa. Da shi ake jan layi, wato siririn layin nan da ke bi jikin babbar mota tun daga kai har wutsiya. Ba a jansa da zare, ba a jansa da sanda. Tsomawa ɗaya ake yi, ka ɗora, ka yi ta tafiya da baya har ka kai ƙarshe ba ka ɗaga hannu ba. A wurinsa duk wanda bai ja layi ba almajirin sana'a ne ko da ya yi furfura, kuma ranar da zai yaye mutum ita ce ranar da zai ba shi wannan buroshin. Mutum biyu sun riga ni zama wurinsa, duk sun tafi ba su samu ba.

Ranar da na fara ganin ya ja layi, wata motar albasa ce ta Galmi, koriya shar. Ya sa na kawo tsohuwar rediyonsa mai kaset, ya saka kaset ɗin goge, ya tsaya yana jira. Sai da mai gogen ya ja dogon sauti sannan ya ɗora buroshi. Ya tafi da baya, ƙafa na bin ƙwarya, hannu na bin goge. Mai gogen na saukewa, shi yana ɗaga hannu a wutsiyar mota. Layin ya fito kamar an haife shi tare da motar. Na ce, "Baba, don mi sai da kiɗi?"

Ya ce, "Hannu ba shi da hankali, ɗiyata. Sai an ba shi abin bi."

Da wannan ma'aunin yake auna duk kiɗin duniya. Kiɗi ko yana ɗaukar layi ko ba ya ɗauka, magana ta ƙare. Goge ne na ɗaya. Gurmi yana ɗauka in mai shi ba mai gaggawa ba ne. Kalangu na gajeren layi ne, irin na ƙofa. Waƙoƙin da ake haɗawa da na'ura kuwa, ya ce ko layin alli ba su ɗauka. In aka zo kan gitar lantarki sai ya tofar da goro.

"Wanga ba kiɗi na ba. Injin niƙa na anka ɗaura wa igiya."

Ni kuwa gita ce rayuwata. Katin wayata cike yake da ita: ta samarin arewa masu rawani, da ta 'yan rok na ƙasashen waje masu gashi kamar ba su san wanzami ba, duk abin da direbobin Agadas suka kwaso sai na roƙa an tura mini. Ina ɓoye abin sauraro ɗaya ƙarƙashin kallabi ina aiki. Wata rana ina rubuta allon wani tela, gita ta yi wata irin ƙara a kunnena, hannuna ya bi ta, wutsiyar harafi ta haye har kan hoton keken ɗinki. Baba Illa bai yi faɗa ba. Ya zo ya ɗaga gefen kallabina da bakin sanda, ya ga igiyar, ya ce, "Kin gani? Ga shaida nan kin rubuta da hannunki." Na goge allon na sake rubutawa.

Sai ga muguwar shekara, wadda aka rufe iyaka. Fentinmu daga kudu yake shigowa, ya yanke. Motocin albasa suka yi layi a tasha, ba mai zancen kwalliya. Damina ma ba ta yi kirki ba, masu shaguna suka ce tsohon allo ya ishe su. Sai mu wuni ba mu buɗe gwangwani ba. Baba Illa ya koma gyaran tsofaffin buroshi, ni ina kankare busasshen fenti daga gindin gwangwanaye ina jiƙawa, ko za a samu abin rubuta lambar amalanke.

Cikin wannan zaman ne wani dogon saurayi ya sauka daga moto, wato babur, gita rataye a bayansa cikin buhun shinkafa. Ya ce sunansa Alhusaini, daga wajen Keita, su huɗu ne suna kiɗin biki tsakanin Keita, Buza da Madawa. Yana son babban ƙyalle, taku goma sha biyu, da fuskokinsu su huɗu da gitocinsu, irin wanda yake gani bayan makaɗa a bidiyo. Yana da biki uku a jere, na farko a Bangi.

Baba Illa ko ɗaga kai bai yi ba. "Ban yi wa masu niƙa aiki. Ga 'yar lekol nan, ita ka jin yarenku."

Na ce, "Na karɓa."

Sai ya ɗago. "Kin karɓa? To ji nan. In ƙyallen ga ya yi biki ukun ga bai dawo ba, na yaye ki. In ya dawo, ki koma ma gwangwani, kuma kar in sake jin zancen gita cikin rumfar ga."

Na ce na yarda, tun bai rufe baki ba. Haka nake, ban iya jira a gama magana.

Na sayo akoko fari, tela ya haɗa mini shi, na ɗaure tsakanin bedi da ginshiƙin rumfa. Na kwashe ragowar fentin mai na motoci na zuba a kai, mai kauri, don ya yi sheƙi. Kwana biyar ina kan fuskokin nan daga hotunan waya. Kuma sun fito, ba yabon kai ba. Mai ganga har gibinsa na sa masa. 'Yan kabu-kabu suna tsayawa kallo, ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na taɓa da yatsa na ji ya bushe, na naɗe shi fuska ciki don kada ƙura ta taɓa, aka ɗaure shi saman motar Bangi tsakanin buhunan wake. Baba Illa na kallo, ya ci gaba da gyaran buroshinsa.

Ga abin da ban sani ba, ku kuma ku riƙe. Fentin mai sama yake fara bushewa, cikinsa na nan ɗanye har kwana da kwanaki. A jikin ƙarfe ba ruwanka, ba mai naɗe mota. A ƙyalle kuwa, in ka naɗe ka ɗora saman mota cikin rana, ka dafa shi ke nan.

Ranar kasuwa Alhusaini ya dawo da shi a kafaɗa. Ya shimfiɗa a ƙasa, ƙyallen na ɓarkewa da ƙara kamar ana fiɗar rago. Hancin mai ganga ya koma kumatun mai waƙa. Alhusaini kansa ido uku gare shi. Gibin nan da na yi taƙama da shi yana can kan wuyan gita.

Ya ce, "Ƙanwata, mun buɗe shi gaban dangin ango. Har yanzu yaran Bangi Mai Ido Uku suka ce min."

Na ce, "Zan sake."

"Kar ki sake huska. Uban ango ya ce ko lafiya lau ya iso ba a rataya mai hoton mutane ƙofar gida, nan yaka salla da baƙinai. Kuma uban ango na Buza liman na, ya fi shi tsanani."

Baba Illa ya miƙo mini gwangwani da tsumma. Ban karɓa ba. Na ce, "Baba, biki uku ka ce. Wanga bai shiga biki ba, ba a ko rataya shi ba. Ba a hwara ƙirga ba."

Baba Illa ya ce, "Lekol ta koya miki gardama. Kwana nawa ya rage na Buza?"

Alhusaini ya ce shida.

"To. Dama ɗaya ta rage miki. In ya dawo, ko kawunki ya zo ban saurare nai."

Kwana biyu ina zaune gaban sabon akoko, wannan karon mai ruwan ƙasa, ban ɗiga komai ba. In ba fuska, me zan zana? Gita kawai? Ai allon mai gyaran rediyo ke nan. Raƙumi da dabino? Kowace mota na da su, kuma raƙumin ma mai rai ne. Fentin da ya rage mini na ruwa ne, na bango, kala biyar: baƙi, ja, rawaya, da shuɗi da fari kaɗan-kaɗan. Wani kafinta maƙwabcinmu ya ce in zuba gam ɗin katako a ciki in sirka sosai, zai shiga zare ya zauna, ko an naɗe ba ya karyewa. Na gwada a ƙyalle, na murje, na taka, na bar shi a rana. Bai yi komai ba. Kayan aiki sun samu, abin zanawa ne babu.

Rana ta uku na kira Alhusaini na ce su zo da kayansu duka gobe da hantsi, su yi kiɗi nan bayan rumfa. Ya ce ba su kiɗi da safe. Na ce ni ma ban saba zana mutum da ido uku ba, kowa ya yi abin da bai saba ba.

Suka zo a moto biyu, da ƙaramin injin wuta da lasifika ɗaure da roba. Baba Illa ya ja kujerarsa can gindin bedi, ya juya mana baya, ya tura auduga a kunne don mu gani. Aka ta da inji. Mai ganga ya ƙirga, suka faɗa.

Ban taɓa jin gita kusa haka ba. A waya kunne ke ji, a nan haƙarƙari ke ji. Gwangwanaye na rawa kan benci. Na tsaya da buroshi a hannu, na hana kaina rawa, na ce Tsahara saurara kamar mai aiki. Sai na fara jin abin hawa-hawa. Babbar gita mai kaurin murya ba ta zuwa ko'ina, wuri ɗaya take takawa tana komowa. Na ce wannan ƙasa ce. Na ɗauki mai faɗi na shimfiɗa baƙi da ja a gindin ƙyallen, tudu-tudu, kamar duwatsun hanyar Buza. Gita ta biyu tana maimaita abu guda, gajere, mai kaifi, kamar zanen da dukawa ke yi a bakin jakar fata. Na jera shi da rawaya, hawa da sauka, duk bugu ɗaya kusurwa ɗaya. Ganga da tafi na ɗiga su da shuɗi, inda ya buga da ƙarfi in danna, inda ya sassauta in taɓa. Ina gudu daga wannan gefe zuwa wancan, fenti har gira, ina yi musu tsawa kada su tsaya. Mata masu zuwa kasuwa suka sauke kaya suna kallo. Mai shayi ya bar shayinsa na ƙonewa.

Saura gitar Alhusaini. Ita ce ke barin sauran ta tafi, ta hau, ta yi kuka, ta yi kamar ta ɓace, sai ka ji ta sauko daidai inda babbar gita ke jiranta. Na san abin da take. Layi ce, guda ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan. Na gwada da buroshin rubutu a gefen tsohon ƙyallen, taku biyu fenti ya ƙare, na sake tsomawa, mahaɗin ya fito kamar ƙulli a igiya. Na sake, haka. Na jefar da buroshin.

Sai na ji murya bayana. "Kai, mai ido uku. Tsaya."

Baba Illa ne, audugar na hannunsa. Aka tsaya, inji kawai ke ƙara.

"Wanga da kaka yi in ka haye sama, ina ka samo shi?"

Alhusaini ya ce, "Wurin kakata, Baba. Goge taka yi, irin na matanmu mai igiya guda. Ina yaro nika kwana ina ji. Da na samu gita shi na hwara nema."

"Goge na ka sa ma lantarki."

"Ban sani ba, Baba. Haka dai hannuna ka zuwa."

Tsohon ya shiga rumfa. Muka ji ƙarar gwangwanin shayi. Ya fito yana warware fata, ya matse man gyaɗan da tsumma, ya nufi wani dogon katakon mota da ke jingine jikin katanga shekara guda ba mai shi. Ya tsoma cikin farin da yake ɓoyo don lambar mota. Ya ce, "Sake. Kai mai ganga, sassauta, ba daka mukai ba."

Suka sake. Ya jira, kamar yadda yake jiran mai goge. Gita na tashi ya ɗora. Na ga ƙafarsa ta kama babbar gita, hannu ya bi Alhusaini, yana tafiya da baya. Gita na saukowa ya ɗaga hannu a ƙarshen katako. Ya ja da baya ya rufe ido ɗaya ya duba, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Shina ɗaukar layi."

Mai ganga ya buga murna. Baba Illa ya nuna shi da buroshi. "Ban ce kai ba. Kai har yanzu injin niƙa na."

Sannan ya miƙo mini. "Aro na ba ki. In kin karya min gashi guda, ki bar garin ga."

Buroshin ba shi da nauyi ko kaɗan, shi ne abin tsoron. Na sirka farin fentin ruwa da gam, na tsoma har gashin ya sha, na tsaya a bakin ƙyallen na hagu. Na ce da Alhusaini kada ya tausaya mini, ya yi yadda yake yi a biki. Ya tashi, na ɗora. Taku ɗaya, biyu, uku, layin na fita daga hannuna kamar ba ni ke yi ba, yana hawa saman rawayan nan, yana ratsa shuɗi. Wajen taku na takwas ya danne igiya, gita ta yi wannan ƙarar da ta taɓa ɓata mini allon tela. Hannuna ya bi ta. Layin ya yi tsalle sama, ya karkata, ya yi rawa, sannan ya sauko tare da ita, muka isa bakin dama tare. Ban ɗaga hannu ba ko sau ɗaya.

Baba Illa ya zo ya sa yatsa kusa da wurin tsallen. "Nan ya karkace. Goge shi."

Na ce, "Ban gogewa. Nan ta yi kuka."

"Layi ba shi kuka."

"Na mota ba shi yi. Wanga ba mota ta ba."

Ya dubi layin, ya dubi Alhusaini, ya mayar da audugarsa aljihu ya koma gindin bedi. Bai ce na yi daidai ba, har yau bai ce ba.

Kwana biyu na bar shi ya sha iska a inuwa, sannan na naɗe shi fuska waje, da tsohon zane a tsakani, na ce a sa shi cikin mota ko da za a biya masa kujera. A Buza limamin ya fito ya zagaya shi, ya tambaya ko rubutu ne, aka ce a'a, ya ce to a rataya. Daga can ya wuce wani ƙauye wajen Keita, daga nan suka samu wani bikin ya dawo Sabon Gida. A Sabon Gida na je da kaina, da la'asar, na tsaya cikin mata. Da Alhusaini ya haye sama, na ga wata tsohuwa ta ɗaga yatsa tana bin farin layin a iska, har wurin tsallen, ta sauko tare da shi. Ba wanda ya gaya mata. Tun daga ranar na daina gardama da masu cewa gita hayaniya ce. Ina da ma'auni yanzu, kuma ba duka ke wucewa ba. Rabin abin da ke katin wayata na gwada, bai ɗauki ko taku uku ba, na share.

Washegarin bikin Sabon Gida na wanke dogon buroshin, na shafa masa man gyaɗa, na naɗe a fatarsa, na kai wa Baba Illa hannu biyu. Na ce, "Biki uku, Baba. Ga aronka."

Yana gyaran wani buroshi, bai ɗago ba. Ya ce, "Wane aro? Ni ban da buroshi wurinki."

Na tsaya riƙe da shi, sai a lokacin na gane ya yaye ni.

Ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar wayarsa mai maɓalli, ya miƙo mini ta gefe, kamar mai ba da abin kunya. "Ki sa min kiɗin yaron ga mai ido uku. In akwai wanda ba ganga ciki, shi nika so."

Gwangwanin shayin, da dogon buroshin a ciki, yana nan rataye a ginshiƙin rumfata, sama da inda hannunku ke kaiwa. Wanda ya karanta har nan kuma yana ganin shafe-shafe ne, ga ƙofar mota can jingine jikin bedi, samfefa na kan benci.